Ranar Da Jawabina Ya Cinye Karatun Jikata

Ba zan taɓa mantawa da walimar saukar jikata Rukayya a Yelwa ba, kuma tun da wuri in faɗa muku, wawan labarin nan ni ne. Kada ku wahala neman wani.

Uban yarinyar yana aiki can Fatakwal, bai samu zuwa ba. Roƙonsa guda: a ɗaukar masa karatun ɗiyarsa ya gani da idonsa. Autata Hauwa'u, wadda ta karanto kwamfuta a Birnin Kebbi, ta kafa tsohuwar na'urarta da kyamara a gindin mangwaron ƙofar gida. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani (ni da na tsaya a aji huɗu, amma ina gyaɗa kai kamar shugaban jami'a). Wai kowane aiki a cikin na'urar ta gindaya masa sharaɗi, ba ya tashi sai abin da yake buƙata ya samu. Mai aika saƙo yana jiran sabis. Mai ɗaukar hoto kuwa yana jiran a jona babbar ma'ajiya, wani ɗan akwati baƙi, domin cikin na'urar kansa ƙarami ne.

To akwatin nan an manto shi gidan yayarta. Ta hau mashin za ta ɗauko, ta ce, “Baba, don Allah kada a taɓa komai. Da na jona, da kanta za ta fara.”

Jama'a suka cika tabarmi, har da surukai daga Shanga. Na leƙa allon, na ga rubutu wai ana jira. Jira! A gidana, gaban baƙina? A ƙasa akwai wani jan maɓalli da na ga tana gwaji da shi jiya, mai tada aiki ko da sharaɗi bai cika ba. Na gyara hula na danna. Fitila ta kama. Na juyo na ce kowa ya mai da wayarsa aljihu, yau aikin na manyan injuna ne.

Sannan na tashi yin “'yar gajeriyar maraba”. Na faro daga kakannina, na bi ta tashin tsohon gari lokacin da ruwan tafkin madatsa ya zo, ban sauka ba sai da liman ya yi tari sau uku.

Rukayya ta buɗe baki ta yi karatu mai sa tsigar jiki tashi, har mata na share hawaye. Hauwa'u ta iso ana shafa fatiha. Ta dubi allon, ta dube ni. Cikin na'urar ya cika tun ina kan kakana na biyu, komai ya sandare. Abin da aka samu: fuskata, da hannuna yana yawo a iska. Na yarinya ko bisimilla babu.

Da yamma Rukayya ta sake karanta wa ubanta ta waya, daga ita sai kaji a tsakar gida. Na ce mata, “Amaryata, ki yafe wa angonki.” Ta ce sai ta yi shawara.

Ni kuwa don in rage kunya na ce ai laifin na'urar ne, abu ya tsaya yana jira kamar malalacin lebura. Matata, innar su Hauwa'u, tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

“Malam, shekara talatin kana tuƙa jirgin ruwa zuwa Warra. Ko sau ɗaya ka taɓa tada inji jirgin yana kan tudu?”