Hancin Balarabe Ya Ci Shari'a

Allah ya yi wa Hausawan Abidjan baiwa iri-iri, amma babu kamar Balarabe mai goro, wanda masu dakon tashar Adjamé ke kira Komai-Na-Sani. Yana amsa sunan kuwa, ko da yake a ganinsa an ɗan rage masa. Mutum ne da ya taɓa riƙe wa wani Bature lema daga bakin gada har ƙofar ofis, kuma tun daga ranar dokar Faransa ta shige kansa gaba ɗaya, ba ta rage wa kowa ko ɓurɓushi ba.

A shekarar da yaƙin Turawa ya ɗauke man fetur, motoci suka koma cin gawayi, dattawan zango suka ce ran Juma'a za su naɗa wakili, wanda zai riƙa yi wa Hausawa magana gaban kumandan. Wa kuma za a naɗa? Balarabe bai jira Juma'a ba, ya fara tafiya a hankali yana amsa gaisuwa da gira.

Fannin da ya fi ƙwarewa shi ne haɗarin mota, ko da yake ko keke bai taɓa buge shi ba. Kullum da hantsi sai ya hau buhun goro ya buɗe karatu, yana surkawa da Faransanci.

"Atansiyon, jama'a! In mota ta buge ka, kada ka tashi. Baƙauye ke tashi yana kakkaɓe riga. Ka kwanta inda ka faɗi, a tare shofer, a kira ɗan sanda, a tara shaidu masu gemu. Likita sai daga baya, ai ƙafa ba guduwa za ta yi ba. Wala!"

Masu dako su ce, "Haka ne, ranka ya daɗe!" Da ma bayan karatu yake raba goro.

Ana saura kaɗan Juma'a ta zo, yana tafe da liman Malam Sha'ibu da dattawa daga wurin suna, sai ga wata babbar motar gawayi tana tari tana tangaɗi, ta je hagu ta gaida masu ayaba, ta dawo dama ta gaida masu gishiri. Kowa ya kauce, har akuya. Balarabe kuwa ya tsaya tsakiyar hanya ya ɗaga hannu, don wakilin gobe ba ya kauce wa mota. Ita motar, baƙuwa ce, ba ta san shi ba. Ta ture shi cikin ɓawon ayaba, idon sawu ya gurɗe, hula ta yi nata wuri.

Wallahi ba a taɓa ganin wanda mota ta buge yana murna haka ba. Ga karatu ya zo aikace, ga dattawa na kallo! Ya miƙe ƙafafu a ƙasa yana ba da umarni. Aka kawo maɗori, ya kore shi. Aka tare direba, aka kira ɗan sanda.

Direban ya dafa motarsa don kada ta faɗi, ya rantse tun safe kunu kaɗai ya sha. Ɗan sanda ya juya wajen masu gemu ya tambayi wanda zai shaida cewa direban nan a buge yake da giya.

"A'uzu billahi," in ji liman. "Mu ina muka san warin abin?"

Shari'a ta fara zamewa. Balarabe kuwa zai iya jure ciwon ƙafa, amma a ce ba a san abu ba yana wurin, wannan ya fi ƙarfinsa.

"A kawo mini bakinsa!"

Aka sunkuyar da direba. Balarabe ya shaƙa, ya lumshe ido, ya sake shaƙa.

"Bangi ne, wato bammi, ga waɗanda ba su waye ba. Kuma ba na Adjamé ba ne, na nan ruwa suke surka masa, sai ka cika ciki ba ka ji komai ba. Wannan na Treichville ne, gidan Akisi bayan kasuwa, na tulun ɗaka wanda ba ta ba baƙo. Amma ya kwana, ya yi tsami. Sabo da zaƙi yake farawa a harshe, sannan ya sauko nan a hankali..." Ya shafa ƙirji.

Direba ya rungume shi har da hawaye. "Walayi, Baba, kai ne gwani! Na ce mata ya kwana, ta ƙaryata ni!"

Ɗan sanda bai nemi ƙarin shaida ba, ya tasa ƙeyar direba. Balarabe ya buɗe ido yana jiran tafi, sai ya ga gemu a jere, ba mai motsi.

"Allah gafarta Malam," ya ce da ƙaramar murya, "a cikin doka na karanta."

"To, Allah ya ƙara sani," in ji liman, ya tattara rigarsa ya wuce.

A amalanke masu dako suka tura shi gida, suna tsayawa kowace kwana su ba da labari. Ran Juma'a aka naɗa Nomau mai gishiri wakilin Hausawa. Ba ya jin Faransanci ko kalma ɗaya, amma dattawa sun bincika sosai: tun zuwansa Abidjan mura ba ta taɓa barin hancinsa ya buɗe ba.