Shekarar Da Na Yi Wa Garinmu Ruwa

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da na yi wa garinmu ruwan sama. Ni ɗin nan, da hannuna, da moɗar Inna. Ina ajin ƙarshe na firamare a lokacin, wanda muke kira se-em-de, a lakwal, wato makarantar boko, ta wani ƙauye kusa da Dungas. Shekaruna sha biyu, kuma a ganina duk ƙasar Damagaram ba a haifi yarinya mai kai irin nawa ba.

Malaminmu Mushe Lawali (a wajenmu kowane malamin lakwal Mushe ne, danginmu na Najeriya su yi ta dariya, mu ko a jikinmu) ba ya son karatu ya tsaya a kan tablo, wato allon aji. Mun yi lambu, mun auna zurfin rijiyar gari da igiya. Da bazara ta zo ƙarshe sai ya yanke wata gorar roba, ya manna mata regil, wato rular awo, ya ɗaure ta a kan turke a tsakiyar fili, ya ce da ita za mu riƙa auna ruwan sama. Ya ce yana neman mutum ɗaya mai gaskiya da zai riƙa dubawa da safe, ya rubuta a kaye, wato littafin rubutu, ya zubar da ruwan. Bai rufe baki ba na ɗaga hannu.

Baba manomi ne, kuma bai taɓa tambayata abin da muke yi a lakwal ba. Ba ƙi ba ne, shi dai in na dawo lafiya magana ta ƙare. Amma ranar da aka yi ruwan farko na shigo na ce, "Milimetir goma sha takwas aka yi," sai ya ajiye ludayinsa ya dube ni.

"Irin wanda ake faɗa a rediyo?"

"Shi, Baba. Ni na auna."

Da yamma ya kai labarin majalisarsu. Tun daga nan duk ranar da aka yi ruwa sai in tarar da shi a zaure yana jira, ya ce, "Uwata, nawa aka samu?" (sunan mahaifiyarsa gare ni). Ban taɓa jin daɗin wani abu kamar tambayar nan ba, kuma na ƙudurta ba zan bari ta kuɓuce mini ba.

Sai sama ta ƙi ba ni haɗin kai. Ruwa na biyu yayyafi ne, mili huɗu. Baba ya ce, "To, Allah ya ƙaro," ya juya ya ci gaba da gyaran ƙotar hauyarsa. Na ji kamar ni na hana ruwan sauka. Saboda haka da aka sake yin yayyafi na yi sammako, na ɗebi ruwa a randar Inna, na rufe moɗar da mayafi, na je na taimaka wa gorar. Ku lura, ban taɓa rubuta abin da ban gani ba. In na zuba sai in durƙusa, in daidaita idona da regil kamar yadda aka koya mana, in rubuta gaskiya tsagwaronta. Har doka na kafa wa kaina, ba na ƙari sai ranar da Allah ya fara nasa. Da rabin moɗa na soma, kafin mako uku hannuna ya saki.

Ana nan Mushe ya shirya mana fita zuwa Magariya, mu ga ainihin ma'aunin ruwa a ofishin ma'aikatan gona. Ranar tafiyar aka wayi gari da ɗan yayyafi, na je na yi aikina. Ina cikin rubutu sai ga Mushe a kaina.

"Kar ki zubar," ya ce. "Mu tafi da shi su nuna muku yadda ake karantawa da kayan aiki na gaske."

Ya juye ruwan a kwalba ya toshe ya miƙo mini. Abin mamaki, ko gezau ban yi ba. Na rungume kwalba da kaye a cikin taksi tun daga gari har Magariya, ina harar duk wanda ya matse ni, don a lokacin ni kaina na gama yarda da kayen nan.

Wata ma'aikaciya ce ta tarbe mu, babbar mace mai tabarau, muna ce mata Madam. Ta nuna mana ma'auninsu na ƙarfe, muka yi ta rubutu. Can Mushe ya gyara murya ya ce mu ma muna da namu, ya tura ni gaba yana cewa duk ajin babu mai kula kamata. Madam ta buɗe kayen, ta bi shi da yatsa har ƙasa, ta koma sama.

"Ikon Allah," ta ce. "Bana garinku ya fi Gaya ruwa, ita da ta fi ko'ina a Nijar. Shinkafa kuka shuka?"

Na ce a'a, hatsi ne. (Har da murmushi, na ɗauka yabo ne.)

Ta cire murfin kwalbar za ta juye, sai ta tsaya. Ta kai hanci. Ta ɗiga a tafin hannu ta lasa. Sannan ta miƙa wa Mushe ta ce, "Mushe, a garinku turara hadari ake yi da kajiji kafin ya zubo?"

Inna ba ta zuba ruwa a randa sai ta turara ta da kajiji, duk unguwa an san ta da wannan. Kwalbar ta fara yawo hannu zuwa hannu, 'yan matan ajinmu suna sunsunawa suna kallona. Da na yi shiru da abin ya zo da sauƙi. Amma sai na buɗe baki, da Faransanci kuma don maganar ta yi nauyi, na ce wataƙila iska ce ta biyo ta gidanmu. Direban taksin da ke jingine a bakin ƙofa ma sai da ya zauna a ƙasa don dariya. Mushe bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba, ya karɓi kayen ya sa a jakarsa. Na yi kuka har muka fita daga Magariya, ba don kayen ba, don Baba.

Labarin ya riga ni shiga gida. Na tarar da Baba a zaure, na durƙusa na kasa ɗaga kai.

"Tashi, Uwata," ya ce. "Ni dama rabi nake kai wa majalisa."

Na ɗago.

"In kin faɗa sai in je gona in tona da hannu, in ga ƙasa ba ta san zancen ba. Na ɗauka ma'aunin ne na Turawa, ya saba da ruwan ƙasarsu. Shi ya sa nake raba shi biyu, wani lokaci uku."

Wato duk wahalar sammakon da na sha, ni ina ƙarawa a lakwal, shi yana ragewa a zaure, garin kuma yana samun lissafi daidai. Inna kuwa da ta gama jin bayani tambaya ɗaya ta yi: "Ita matar ta Magariya, ta ce ƙanshin ya yi?"

Abin da na koya ba shi da yawa. In mutum yana jin daɗin labarinka, ka yi hattara, kana dab da fara ƙera masa shi. Kuma duk wanda zai yi wa manomi ƙaryar ruwa, ya tuna gonar tana nan.