Gurup a Cikin Rumbu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar sunan ɗiyata ta fari, ko da na so in manta, domin mutanen garinmu ba su da niyyar bari na. Amma sai na faro daga tushe, daga ƙaramin injin wuta da ƙanena ya zo da shi daga Abijan, irin wanda muke kira gurup.

Gidana yana ƙarshen gari ne, a ƙasar Buza, bakin hanyar da ke gangarawa fadama. Ɗaki ne guda da rumfa da rumbu. Wutar lantarki kuwa sai dai mu gan ta a Madawa ranar kasuwa. Da ƙanena zai koma, ya bar mini gurup ɗin don in riƙa kunna fitila da sharjin salula. Ya nuna mini yadda ake garwaya esansi, wato fetur, da ɗan man inji, ya ce, "Yaya, ba shi da cin mai, amma yana son iska. Ka aje shi fili." Na ce na ji.

Ya kamata mai karatu ya san irin mutumin da nake. Ni ne wanda in ya rufe ƙofa sai ya dawo ya taɓa ta, in ya yi alwala sai ya tsaya yana tunanin ko ya wanke kunnen hagu. Tun ina lakwal, wato makarantar boko, malaminmu yake cewa damuwata ta fi karatuna yawa (ya yi gaskiya, karatun ya tsaya a firamare, damuwar ce ta ci gaba).

To, gurup ɗin bai da cin mai kamar yadda aka ce, kwalba guda takan daɗe. Matsalarsa baki. In na ja igiyarsa bayan magariba, sai ya kama ruri kamar babur ɗin da aka ɗaure wa ƙafa. Kuma darni kaɗai ya raba ni da maƙwabcina Baba Illo, dattijo mai ƙarancin magana. Wata Juma'a liman ya yi wa'azi kan haƙƙin maƙwabci, na ji kamar da ni yake. Daga ranar, kullum da safe in na gai da Baba Illo sai in leƙa idonsa in ga ko ya yi ja. Ya ce "lahiya lau", ni kuma in tafi gona ina auna yadda ya faɗe ta. Ban taɓa tambayarsa ko ƙarar tana damunsa ba. Na riga na yanke cewa zai ce a'a don kara, ni kuma ba zan yarda ba, to mene ne amfanin tambaya?

A lokacin maiɗakina ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, wajen Keita, ni kuma ina cin abinci gidan mahaifiyata. Wato babu kowa a gidan da zai ce mini "kai, tsaya". Wata rana ina kallon rumbuna na laka, mai kaurin bango, sai dabara ta zo mini. Bazara ce, gero ya sauka zuwa rabi, akwai wuri a sama. Na tuna maganar iska, amma na ce ai rumbu yana da baki. Na kafa tsani, na shimfiɗa guntun kwano a kan dammunan, na ɗaura wa gurup igiya na zura shi ciki kamar guga, na karkata hular rumbun kaɗan.

Da na kunna, sai ruri ya koma gunji can ƙasa-ƙasa. Wallahi ranar na yaba wa kaina. Abu ɗaya na ji tsoro, gobara, don haka kullum yana aiki ina zaune gindin rumbu da bokitin ruwa, kamar mai jinya. Na yi tunanin wuta ta kowace fuska. Hayaƙi ne bai taɓa zo mini a rai ba.

Ba a daɗe ba injin ya fara tari, yana shan mai kamar raƙumin da ya dawo daga tafiya. Kwalbar da kan daɗe ta koma ba ta zuwa ko'ina, buji kuma, wato fulogin injin, kullum baƙi ƙirin. Maimakon in zargi rumbu, sai na zargi mai sayar da esansi na bakin hanya cewa yana yi mini algus (Allah ya yafe mini, har gaisuwata da shi na rage).

Ana nan sai albishir ya zo an sami ɗiya mace. Na hau rumbu da kaina, na fitar da dammunan da suka fi kyau, waɗanda ke sama, na ɗora a amalanke na aika gidan surukai don hidimar suna. Ban ji warin komai ba. Hancina ya riga ya zama ɗan gida a wajen esansi.

Ranar suna, a matsayina na uban 'yar fari, wurina nesa da taro ne. Ina zaune ƙarƙashin wata bishiyar bedi bayan gidan tare da abokina Mamman, muna jin hayaniya daga nesa. Bayan an yi fatiha, sai ga kakar maiɗakina, Kaka Hajo, ta zo da kanta da 'yar ƙwarya rufe da faifai. Tsohuwar nan abokiyar wasana ce, ba ta kirana da komai sai mijinta.

"Mijina, wagga taka ce kai ɗai," in ji ta. "Da hannuna na dama. Kada ka ba Mamman, ba shi ya haihu ba."

Ta juya ta tafi. Na yi bisimilla na kai ludayi baki. Jama'a, kamar na lashi tankin babur. Na haɗiye don ladabi. Na ƙara na biyu don in tabbatar (mai shakka ko guba ce sai ya maimaita). Esansi ne, babu tantama.

Nan take kaina ya fara aikin da ya saba. Na ga mai jego ta sha, nono ya lalace. Na ga jaririya. Na ga liman da dattawan gari a jere a likitar Keita, wato asibiti, ana yi musu ƙarin ruwa. Na miƙe.

"Ina za ka?" in ji Mamman.

"Akwai esansi cikin hurar gidan ga."

"To aje ta. Zamna, kai uban ɗiyar hwari ne, ba a ganin ka can."

Ban zauna ba. Na zagaya da gudu na faɗa tsakiyar tabarmin dattawa, ko takalmi ban tuɓe ba, a gaban surukina, mutumin da ban taɓa ɗaga ido na kalli fuskarsa ba. Liman ya ɗauko ludayi zai kai baki, na riƙe masa hannu.

"Malam, kada ka sha. Kowa ya aje. An zuba esansi cikin hurar."

Kowa ya juyo yana kallona. Liman ya dube ni, ya dubi hannuna, na sake shi. Ya shinshina ludayin, ya kurɓa, ya ce, "Yaro, ni dai nono da gero nika ji."

Mai hankali da nan zai tsaya. Ni kuwa sai na shiga bayani. Na ce esansi ba abin wasa ba ne, wasu mutane suna da sakaci, sukan aje jarka kusa da turmi, ya kamata a gidan da ke da mai jego a riƙa lura. A gidan surukaina nake wannan wa'azi, da takalmi a kan tabarmarsu.

Sai muryar Kaka Hajo daga ƙofar gida.

"Ku ƙyale mijina, gaskiya ya hwaɗi. Akwai esansi, amma ƙwaryatai kaɗai. Geron da ya aiko muna ne. Da munka sussuke shi, hannuwanmu sunka yi wari kamar na masu gyaran moto. Ƙaiƙayin ma kaji sun ƙi shi." Ta nuna surukina da haɓa. "Wanga ya buɗe rumbunai ya ba mu wani, ya ce kada wanda ya hwaɗa ma yaron, a rufa mai asiri. Ni ko na ce sai manomi ya ɗanɗani nomansa. Mijina, gonarka cikin tasha take?"

Dariya ta fashe har cikin gida wajen mata. Liman ya ce in gaya musu yadda aka yi, sai na tsaya nan na ba da labarin tsani da igiya da bokitin ruwa. Da na zo wajen bokitin, wani dattijo ya ƙware da fura. Surukina ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma, amma na ga kafaɗunsa suna rawa. Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na yi mata godiya.

A hanyar komawa gida kunya ta ja baya, tsoro ya shigo. Abin da ke cikin rumbun nan shi ne abincin mai jego da jaririya har kaka. Ba ni da wani.

Washegari na kwashe rumbun kaf, na baza dammunan a tsakar gida. Na ƙasa da dama-dama, amma na sama da na tsakiya ko jaki ya shinshina sai ya kau da kai. Ina zaune a tsakiyarsu na rasa abin yi, sai Baba Illo ya yi sallama (labari ya riga ni isowa gari, Mamman bai iya riƙe magana ba). Ya ɗauki zangarniya guda, ya shinshina, ya murza ta a tafin hannu ya duba ƙwayar.

"Mi kaka shirin yi da shi?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ƙwayar lahiya take. Ga damina tahe, ƙasa ko ba ta da hanci. Ba ni dami in yi iri, in kawo maka nawa na ci."

Ya ɗauka ya tafi, ya dawo da nasa. A masallaci ya faɗa wa mutane. Kafin la'asar sai ga su ɗaya bayan ɗaya, kowa da dami a ka, ya aje ya ɗauki nawa mai wari, ya tsokane ni ya wuce. Wasu na san sarai sun riga sun ware irinsu tun kaka, ba su da bukatar nawa. Har mai sayar da esansi ya zo da nasa, na rasa inda zan sa fuskata. Abin da ya rage na shanya shi a kan dutse kwana da kwanaki, muka ci shi da miya mai yaji sosai.

Ranar ce na yi ƙarfin hali na tambayi Baba Illo ko ƙarar gurup tana damunsa.

"Sa'ad da yana hili, iska na kwashe ta, ban damu ba," in ji shi. "Tun da ka sa shi rumbu ne gadona ke rawa. Ta ƙasa yake biyowa."

"Baba, don mi ba ka hwaɗa mini ba?"

"Na ga wahalar da kaka sha da tsani, na ce kada in ɓata maka rai."

Shi ya nuna mini bayan wani dutse nesa da ɗakuna, muka yi wa injin 'yar rumfa mai buɗaɗɗen gefe. Tarinsa ya warke, cin mansa ya koma yadda yake.

Da ruwa ya sauka aka yi shuka, ban sami natsuwa ba. Ina tashi sai in bi gonakin mutane ina leƙen ramuka, ina cewa in bai tsira ba na kashe rabin gari da yunwa. Ya tsira, alhamdu lillahi, ya yi kyau kamar kowane gero. Maiɗakina da ɗiyata ba su kwana da yunwa ba ko sau ɗaya a wannan damina, kuma ba wayona ne ya ciyar da su ba.

Abin da na koya dai shi ne, kafin ka tashi yi wa maƙwabcinka magani, fara tambayarsa ko yana ciwo. In ba haka ba, shi ne zai ƙare da jinyarka.