Tutar da Na Ɗinka a Tsaye

Ko tsufa zai kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da daminar da Nijar ta samu 'yancin kai ba. Kowa kiɗa da guɗa yake tunawa, ni kuwa gumin da na sha.

Lokacin ni kaɗai ne tela mai keke a garinmu, can wajen Mayahi, kuma kaina ya fi keken girma. Ana saura kwana uku biki, Malam Idi sakataren mai gari ya kawo mini yadi kala uku, ruwan goro da fari da tsanwa, haɗe da wata takarda daga Tasawa mai zanen sabuwar tuta.

Ya ce, "Ka duba da kyau fa, Tela."

Na ce, "Haba Malam! Tutar Faransa nawa na ɗinka wa lakwal, makarantar bokon garin nan? Tuta ai tuta ce."

Na cusa takardar ƙarƙashin tabarma (ko warware ta ban yi ba, Allah Ya yafe mini). Na jera yadin tsaye-tsaye yadda hannuna ya saba, na lanƙaya rana a tsakiya tunda na ji Malam Idi ya ambace ta, na naɗe na miƙa.

Ga kuma wata matsala: kowa ya san kawuna "a'a" ya jefa a ƙuri'ar zama tare da Faransa da aka yi shekara biyu baya, ga shi masu "i" ne ke riƙe da gwamnati, kuma tun lokacin aka sa wa gidanmu ido. Ko tari muka yi sai an kai rahoto.

Ranar biki mutane suka baro gonakin gyaɗa, fili ya cika maƙil, har da jandarma biyu daga Mayahi. Aka sauke tutar Faransa, aka ja tawa. Ina gaba-gaba, sai gyara hula nake.

Iska ta buɗe ta. Mushe, malamin lakwal, wanda ya ɗaga hannu zai sa a fara waƙa, ya sandare da hannu a sama. Sai wani ɗan ci-rani ya ɗaga murya daga baya: "Kai! Wannan ai kamar ta mutanen Abijan ce!"

Babban jandarman ya ce, "Wa ya ɗinka wannan?"

Yatsu suka yi caa a kaina.

"Izgili kake wa sabuwar gwamnati? Ɗan gidan wa ne?"

Wani munafuki ya faɗi sunan kawuna. Wallahi nan take na hango kaina a gidan kaso, ni da kawu, ɗaure da igiya ɗaya.

Sai Baba Tanko, wani tsohon soja, ya dogaro sandarsa ya fito. "Ranka ya daɗe, ba izgili ba ne, wauta ce. Tun yana goye na san shi. Ku sauko mini da ita."

Ya juya ta, ruwan goro sama, tsanwa ƙasa, ya huda gefe da wuƙa ya zura igiya. Aka sake ja. Ta hau doguwa siririya kamar zanen da aka shanya, amma dai tutar Nijar ce.

Jandarman ya harare ni. "Gaskiya ya faɗa?"

"Wallahi wauta ce, ranka ya daɗe! Wawa ne ni, kowa ya sani!"

Da bakina na faɗa, da ƙarfi, gaban surukaina. Jandarman ya yi ta maza bai yi dariya ba, amma fili ya ɓarke da shewa. Har yau jikokin garin nan "Tela Abijan" suke ce mini.

Faransa ta bar ƙasa a rana ɗaya, amma ashe tana nan laɓe a hannuna. Tun daga ranar, ko takardar ƙunshin ƙosai aka miƙo mini, sai na warware na duba.