Takalmina Ya Kwana a Layi

Jiya na koma gida unguwar Moduganari da takalmi ƙafa ɗaya. Mai keke ya kalli ƙafata, ya kalli fuskata, ya mai da hankali kan tuƙinsa. Allah ya saka masa da alheri.

Wani ofishi na je neman hatimi a kan takardar shaidar asalina. In babu hatimin nan, babu aikin koyarwar da nake nema, kuma Juma'a ake rufe karɓar takardu. A can mutane ba sa tsayawa a layi, saboda rana. Kowa ya cire takalmi ɗaya ya jera a gaban taga, sai ya koma gindin darbejiya yana gadinsa da ido.

Shekara huɗu na yi ina karanta ilimin zamantakewa a jami'a, amma a gindin bishiyar nan na gane shi. Malamanmu sun ce manyan mazhabobinsa uku ne. Ta farko tana kallon al'umma kamar jiki, kowace gaɓa da amfaninta. Haka ne kuwa. Da Mai Girma Mai Hatimi yana zuwa da wuri, wa zai sayi kunun matar bakin ƙofa? Lattinsa yana ciyar da iyali guda. Muna godiya, ranka ya daɗe.

Ta biyu ta ce zaman duniya kokawa ce tsakanin masu shi da marasa shi. Wajen azahar wata mota mai baƙin gilashi ta shigo, ta bi ta kan layin, silifas shida suka tsinke. Mai motar da takalminsa duka biyu ya shiga ta ƙofar baya, ya fito yana hura tawadar hatimi don ta bushe.

Ta uku ta ce mu ne muke ba abubuwa ma'ana. Mama Phebe, tsohuwar malamar firamare da ke bin takardar fansho, ta fi malamaina sanin wannan. Ta raɗa mini cewa masinja yakan tura takalma masu sheƙi gaba da ƙafarsa, a zatonsa na matan manya ne.

"Ke 'yata, da digirinki kika zo da silifas ɗin wanka?"

Na sunkuyar da kai. Ni ko a aji ban taɓa ɗaga hannu ba.

Ƙarfe uku, saura takalma biyu a gabana, Baba Mukhtari maigadi ya ja taga. Ya ce Mai Girma ya tafi taron bita kan yadda ake kyautata wa jama'a, sai gobe, kuma duk wanda ya ɗauke takalminsa ya rasa wurinsa. Mama Phebe ta ciro wani daga jaka ta saka. Ashe da na komawa gida take zuwa. Ni kuwa na taka ƙasa mai zafi har titi.

Yau Alhamis, zan koma. In hatimi ya bugu, silifas ɗina zan gode wa. In bai bugu ba, ina roƙon a ɗauke shi aiki a ofishin. A kwana ɗaya tak ya fi Mai Girma zama a wurin.