Ƙwayoyin Da Suka Riƙa Sunkuyawa Hagu

Ba zan taɓa mantawa da shekarata ta biyu a Alƙahira ba, lokacin da kwamfuta ta tsorata ni har na daina shiga ɗakin bincike ni kaɗai.

Digiri na biyu nake yi a fiziks, a kan wani abu ɗan'uwan ruwan da ke cikin allon waya. Yana gudana, amma ƙwayoyinsa a jere suke sahu-sahu, hawa kan hawa. Idan zafi ya ragu sai su karkata, kuma lissafi ya ce babu ɓangaren da suka fi so. Aikina in kwaikwayi wannan a kwamfuta, kuma da sakamakon ne malamina zai yanke ko zai ci gaba da riƙe ni.

Ɗakin a ƙarƙashin ƙasa yake, ba taga, sai gurnanin fanka. Na saki lissafin, ƙwayoyin suka sunkuya hagu. Na sake, hagu. Sau arba'in, kuma kullum wata ƙwaya a sahu na uku ce take fara sunkuyar da kai, sauran su bi ta kamar ta yi musu raɗa. A jirgin ƙasa zuwa unguwarmu, Hadayek el-Maadi, idan direba ya taka birki fasinjoji suka karkata tare, sai in runtse ido. (Har baiti biyu na rubuta wa ƙwayar nan, Allah Ya yafe mini.) Halima, 'yar Sudan da muke ɗakin kwana ɗaya, ta ce in riƙa neman tsari kafin in taɓa madannai.

A hankali tsoron ya rikiɗe ya zama buri. Ranar gabatarwa na tsaya gaban malaman sashenmu, na ce na gano wani ɓoyayyen ƙarfi da littattafai ba su san da shi ba.

Malamina ya cire tabarau. Ya tambaye ni lambar da nake ba kwamfutar ta fara jefa ƙuri'ar motsin ƙwayoyin da ita, lambar da ya kamata a canza a kowane gwaji. Na ce shekarar haihuwata na sa. Ya ce kullum? Na ce kullum.

"Ma'alish, ya binti," ya ce a hankali da Larabci, wato ba komai, 'yata. "Gwaji ɗaya kika yi, kika kalle shi sau arba'in."

Ba wanda ya yi dariya. Ya ba ni mako biyu in sake aikin. Da na canza lambar, ko'ina suka karkata, yadda littattafan suka faɗa.

Tun daga nan, idan abu ya yi ta ba ni amsa ɗaya, nakan fara duba ko ni ce nake ta yi masa tambaya ɗaya.