Kwamfutar Kefas Ta Manta Shekara

"Lahiya lau, ya aiki? To tashi ka sauke kaya, miji marar cefane."

Leah ce, kakar Ishaya, tsaye a bakin shagonsa na gyaran kwamfuta a Zuru. Daga Rikoto ta hau kabu-kabu, rungume da kwamfuta a cikin zane. Ta ɗanta Kefas ce, mahaifin Ishaya, sojan da ya tafi Sudan bara bai dawo ba. Jibi za a yi addu'ar cika shekara a coci, kuma hotonsa mai kaki babu shi ko'ina sai a cikinta. Shekara guda Ishaya yana gyaran ta kowa, ta gida kuwa ya kasa ko kallonta.

"Ke tsohuwa, wa ya ba ki izinin hita? Na sake ki tun Kirsimeti."

"Da wane sadaki ka auro ni? Kunna min abin ga."

Ya jona waya. Baƙin allo ya fito da rubutu layi biyu, ya tsaya cak.

"Mi ta ce?"

"Ta ce ba ta ga faifan da ke ajiye hotuna ba."

"Ka cinye shi ke nan. Tun kana yaro har alli kake ci."

Ta faɗa da dariya. Ishaya ya buɗe murfi, ya ciro wani ɗan batir kamar maɓallin riga daga babban allon ciki.

"Wanga shi ke riƙe mata tunani. Ya mutu, ta manta komi. Irinku ɗaya."

"Ni ban manta ranar da ka yi min hitsari a baya cikin coci ba."

Ya sa sabo, ya kunna, ya danna madanni ɗaya da sauri. Shuɗin allo ya fito. Ya nuna wa kwamfutar inda faifan yake, ya ce ta fara da shi, ya buɗe kafar firinta da ta rufe. In faifan kansa ne ya lalace, babu sauran dabara.

Sai sunan faifan ya bayyana.

"Ta gan shi. Saura kwanan wata. Wai a wurinta yau ɗaya ga Janairu, dubu biyu da uku. Bari in gaya mata dubu biyu da takwas muke."

"Da uku?" in ji Leah. "Shekarar da ya yi Sabuwar Shekara a gida. Ya yanka akuya, ya ƙone ta."

"Kaka, in ban gyara ba..."

"Hoton zai hito?"

"Zai hito."

"To ƙyale ta. Ita kaɗai ba ta ji labari ba, kuma ba kai za ka gaya mata ba, sarkin tsegumi."

Ishaya ya ɗauke yatsansa daga madannin. Ya yi dariya, hawaye na zuba, bai ɓoye ba.

"Kin ci ni, amarya. Na mayar da ke ɗakinki."

Firinta ta fara gurnani, hular Kefas ta fara fitowa. Leah ta kwance bakin zane, ta ajiye masa ƙullin gyaɗa a kan tebur.

"Ungo. Don ubanka na soya ta."